Makantar launi a tsibirin Pingelap: daga ina ta fito, kuma me take hana masu ita?

Lokaci zuwa lokaci wasu hotuna sukan zagaya a Facebook da sauran shafukan sada zumunta: itatuwan kwakwa ruwan hoda, sararin sama fari fat, a ƙasa kuma an rubuta cewa wannan ne tsibirin da mutanensa ba sa ganin launi. Tsibirin akwai shi, sunansa Pingelap, kuma larurar gaskiya ce. Bayanin da ke biye da hotunan ne yake ɓatar da mai karatu. Ba duk mutanen tsibirin ke da larurar ba, 'yan tsiraru ne. Hotunan ma ba kwaikwayon ganinsu ba ne. Yawancinsu aikin wata mai ɗaukar hoto ce 'yar ƙasar Beljiyam, Sanne De Wilde, wadda ta je can a 2015 ta yi amfani da kyamarar da ke kama hasken da idon ɗan Adam ba ya gani. Abin da aka fi kuskurewa shi ne nauyin larurar kansa, domin rashin ganin launi shi ne mafi sauƙi a cikin abubuwan da take jawowa. Masu ita sun fi fama da hasken rana da kuma raunin gani.

Wace irin makanta ce?

A bayan ido akwai wani tantani da haske ke sauka a kansa, wanda likitoci ke kira ratina. Ƙwayoyi iri biyu ne ke karɓar haske a cikinsa. Na farko ana kiransu kon, za mu ce musu ƙwayoyin rana. Sun kai miliyan 5 zuwa 6 a kowane ido, kuma kashi uku ne, kowane kashi da yankin hasken da ya fi kamawa: ja, kore, shuɗi. Ƙwaƙwalwa ce ke auna saƙon kashi ukun ta fitar da launi. Na biyu ana kiransu rod, ƙwayoyin dare ke nan. Sun haura miliyan 90, iri ɗaya ne kawai, kuma aikinsu gani a cikin duhu-duhu.

Makantar launin da aka saba ji, wadda ake gwada direbobi da matuƙa jirgi a kanta, ita ce ta ja da kore. Mai ita yana da ƙwayoyin rana masu aiki, sai dai kashi ɗaya ya samu tangarɗa ko babu shi. Yana karatu lafiya, yana yawo da rana lafiya, rikita wasu launuka kawai yake yi. Ta fi kama maza, kusan 8 cikin 100 a tsakanin Turawan arewacin Turai, ƙasa da haka a Afirka. Ta Pingelap wata aba ce daban. Sunanta a likitance akromatofsiya, mutanen tsibirin kuma suna ce mata maskun. A cikinta ƙwayoyin rana duka kashi ukun ba sa aiki tun daga haihuwa, sai ya zama da ƙwayoyin dare kaɗai mutum yake gani, dare da rana. Maza da mata daidai take kamawa. A duniya ana kiyasta mutum 1 cikin 30,000 ne ke da ita.

Abubuwa huɗu ne ke biyo bayan wannan, na farko shi ne ƙin haske. Ƙwayoyin dare ba a halicce su don tsananin haske ba. Hasken farin wata bai kai laks 1 ba a ma'aunin haske, na ɗakin karatu yakan kama 300 zuwa 500, na tsakar rana kuwa yana iya kai wa 100,000. Da haske ya wuce kima sai ƙwayoyin su cika su daina bambance komai, duniya ta zama fari tas, kamar wanda mota ta dalle da cikakkiyar fitila da dare, sai dai shi motar ba ta wucewa sai rana ta yi sanyi. Wato akasin dundumi ne: mai dundumi dare ke kashe masa ido, mai maskun rana.

Na biyu shi ne raunin gani. A tsakiyar ratina akwai wani ɗan gurbi, wanda tsakiyarsa ba ta kai milimita 1 ba, inda babu ƙwayar dare ko ɗaya, ƙwayoyin rana ne zalla a cunkushe. Da wannan gurbi ake karatu, da shi ake zura zare a allura, da shi ake gane fuska daga nesa. Mai maskun wannan gurbin nasa ba ya kawo saƙo, sai ya dogara da gefe-gefensa, inda ƙwayoyin dare da yawa ke haɗa saƙonsu a jijiya guda, abin da ke ƙara musu ƙarfin gani a duhu amma yake rage kaifin hoto. Shi ya sa ƙarfin ganinsu yakan tsaya wajen 6/60: abin da mai lafiyar ido zai karanta daga mita 60, shi sai ya matso mita 6. A dokar Amurka wannan matakin makanta ne. Tabarau na likita ba ya kai shi 6/6, wato ganin mai lafiyar ido, domin matsalar ba a madubin ido take ba.

Na uku rawar ido ce, idanu su riƙa kaɗawa da kansu gefe da gefe. Takan bayyana a watannin farko na haihuwa, kuma sau da yawa ita ce alamar farko da uwa ke lura da ita, tare da yadda jaririn ke runtse ido yana kau da kai idan an fito da shi waje. Takan ragu da shekaru. Na huɗu ne rashin launin. Shi ma ba daidai yake da hoton baƙi-da-fari ba, saboda ƙwayoyin dare sun fi kama haske mai shuɗi-kore, ja kuwa kusan ba sa kama shi. Don haka jan abu yakan fito musu da duhu sosai, wani lokaci kamar baƙi, shuɗi kuma ya fito da haske fiye da yadda sauran mutane ke ganinsa. A Pingelap akwai ƙari: masu binciken farko sun tarar yawancin masu larurar suna da rashin hangen nesa mai tsanani, wanda shi kam tabarau yana gyara shi.

Larurar ba ta taɓa hankali, ba ta rage tsawon rai, kuma galibi ba ta kai mutum ga makanta ɗungurungum.

Guguwar 1775

Pingelap na cikin jihar Pohnpei, ɗaya daga jihohi huɗu na Tarayyar Maikironesiya a yammacin tekun Fasifik; sauran su ne Yap da Chuuk da Kosrae. Ƙananan tsibirai uku ne a kan zoben duwatsun murjani, da tafkin ruwan teku a tsakiya. Duka ƙasarsu ba ta kai murabba'in kilomita 2 ba, ɗaya ne kawai ake zaune a kansa, kuma yana da nisan fiye da kilomita 250 gabas da babban tsibirin Pohnpei. Tudunsa 'yan mitoci ne a saman teku. Abincin mutanen kifi ne da kwakwa da ayaba da gwaza, wadda ake nomawa a wata fadama a tsakiyar tsibirin.

Wajen shekarar 1775 wata mahaukaciyar guguwa da mutanen ke kira Lengkieki ta afka wa tsibirin. Tarihin baka ya ce kafin nan mutanen sun kusa 1,000. Guguwar ta kashe mafi yawansu, ruwan gishiri ya malale fadamar gwaza, itatuwa suka zube, yunwa ta ƙarasa saura. Kimanin mutum 20 ne suka rage. Cikinsu akwai sarkin tsibirin, mai sarautar Nahnmwarki, wanda ake kira Mwanenised. Masu binciken da suka bi salsalar iyalai a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, musamman Irene Hussels da Newton Morton, sun gano cewa duk masu larurar suna komawa gare shi ne. Shi kansa yana gani lafiya. Ɗauke da ƙwayar gadon larurar kawai yake.

Wanda ya san yadda ake gadon sikila ya riga ya san yadda ake gadon maskun, domin tsarin ɗaya ne. Kowane mutum yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai lalataccen kwafi ɗaya lafiyarsa ƙalau, kamar mai AS. Sai an haɗa lalatattu biyu larurar ke fitowa, kamar SS. Idan masu ɗauke da ita biyu suka yi aure, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 na zuwa da larurar, 2 cikin 4 na ɗaukar ƙwayar ba tare da ciwo ba, 1 cikin 4 na kuɓuta gaba ɗaya. Wannan lissafin na kowane ciki ne shi kaɗai, ba rabon 'ya'ya huɗu ba. Gida ɗaya zai iya samun uku a jere, wani gidan mai 'ya'ya shida bai samu ko ɗaya ba. Idan mai larurar ya auri mai ɗauke da ita, damar ta koma rabi. Idan ya auri wanda ba shi da ƙwayar sam, babu ɗansu da zai zo da larurar, amma dukansu za su ɗauke ta.

Wannan ne ya sa ba a ga komai ba nan da nan bayan guguwar. Sai da zuriyar Mwanenised ta yaɗu, jikoki da tattaɓa-kunne suka fara auren juna, kwafi biyu suka haɗu. Yaran farko masu maskun sun bayyana ne a zuriya ta huɗu, wajen shekarun 1820. Ƙididdigar salsalar ta nuna kusan kashi 2.7 cikin 100 a wannan zuriyar, ta hau zuwa kusan kashi 4.9 a zuriya ta shida.

Sai a shekarar 2000 aka gano ainihin ƙwayar gadon, a wani bincike na masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Sunanta CNGB3, tana kan kuromozom na 8, ɗaya daga cikin zarurrukan da ƙwayoyin gado ke jere a kansu. Aikinta gina ɓangare na wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayar rana, wadda buɗewarta da rufewarta ke mayar da haske saƙon lantarki zuwa ƙwaƙwalwa. A Pingelap tubali ɗaya ne tak ya canza a wannan ginin, na 435, shi ya sa ake rubuta canjin S435F. Ƙofar ta daina aiki, ƙwayar rana tana nan amma ta yi shiru. A sauran duniya an san ƙwayoyin gado shida da ke jawo larurar, kuma CNGB3 da 'yar uwarta CNGA3 ne ke da kaso mafi tsoka.

Auren zumunci ne ya jawo, ko ƙarancin mutane?

A nan ra'ayoyi suka rabu, kuma bambancin ba na kalmomi ba ne kawai. Bayanin da aka fi yaɗawa shi ne auren dangi ne ya haifar da matsalar. Akwai gaskiya a ciki: da zuriyar mutum ɗaya ba su auri juna ba, kwafi biyu ba za su haɗu ba. Masana gado kuma suna cewa wannan rabin labarin ne. Auren dangi ba ya ƙirƙirar lalatacciyar ƙwaya, ba ya kuma ƙara yawanta a cikin al'umma; haɗa biyu wuri ɗaya kawai yake yi. Abin da ya ƙara yawanta shi ne ƙanƙantar tushen.

Lissafin a fili yake. Mutum 20 suna da kwafi 40. Idan ɗaya ne lalatacce, kashi 2.5 cikin 100 ke nan, wanda tuni ya ninka na sauran duniya sau da yawa. Amma da ya tsaya a haka, yaro 1 cikin kusan 1,600 ne zai zo da larurar. Kafin a kai 1 cikin 20 dole lalataccen kwafin ya kai fiye da kashi 20 cikin 100 na duka kwafin da ke tsibirin. Abin da ya kai shi can abu biyu ne. Mai ɗauke da shi basarake ne da ya bar zuriya mai yawa a lokacin da ake sake cika tsibirin. Sannan a ƙaramar al'umma sa'a kawai tana iya ɗaga ƙwaya ko ta shafe ta cikin 'yan zuriyoyi, gwargwadon wanda ya haihu da yawa da wanda ya mutu ba magaji. Da a ce wani daga cikin ashirin ɗin ne ya fi haihuwa, da wataƙila yau ba wanda ya san sunan Pingelap.

Akwai kuma abin da masu ɗora laifi kan al'ada sukan tsallake. Kamar sauran tsibiran yankin Pohnpei, mutanen suna da dangogi da ake bi ta wajen uwa, kuma ba a son aure a cikin dangi ɗaya. Wato suna da dokar nisanta aure. Sai dai dokar da ke bin layin uwa ba ta tare ƙwayar da ta biyo ta layin uba, kuma a tsibirin da kowa ya fito daga mutum 20, kowa ɗan uwan kowa ne ko an so ko ba a so ba. An taɓa rubuta irin wannan tarin masu larurar a tsibirin Fur na ƙasar Denmak, inda addini da al'ada suka sha bamban da na Pingelap. Abin da ya haɗa su keɓewa ce.

Su kansu mutanen tsibirin suna da nasu bayanan na da. Wani ya danganta yaran farko da wani abin bauta na gargajiya, Isoahpahu, da aka ce ya kusanci matar wani basarake. Wani ya ce mai ciki ce ta yi yawo a bakin teku da tsakar rana, hasken ya taɓa idon ɗan tayin. Wasu kuma sun ɗora abin kan baƙin Turawa. Ba ɗaya da ya dace da abin da gwaji ya nuna, amma na farkon ya kama wani abu: ya sa asalin a gidan sarauta, inda salsalar ma ta sa shi.

Alƙaluman yau ma sukan rikita mutane. Wani wuri a ga kashi 5 cikin 100, wani wuri 1 cikin 12, wani wuri kashi 10. Likitan ƙwaƙwalwa Oliver Sacks, wanda ziyararsa a shekarun 1990 da littafin da ya rubuta a kanta suka fito da sunan tsibirin duniya, ya kawo 1 cikin 12. Bambancin ya danganta da shekarar ƙidaya da kuma wa aka ƙirga: mazauna tsibirin kaɗai, waɗanda 'yan ɗaruruwa ne, ko duk 'yan asalin Pingelap har da na Pohnpei. A al'umma mai mutum 250, iyali biyu su tashi ya isa ya motsa kason. Masu ɗauke da ƙwayar kuwa ana sa su wajen kashi 30 cikin 100.

Yadda rana take wucewa

Da za a zaɓi wurin da ya fi wahalar da mai wannan larura, da wuya a wuce irin Pingelap. Yana kan digiri 6 arewa da tsakiyar duniya, kusan layi ɗaya da Legas, rana tana tsaye a ka duk shekara. Farin yashin murjani yana mayar da haske daga ƙasa, teku yana mayar da shi daga gefe. Hula tana tare na sama ne kawai.

Dabarar da yara ke koya da kansu ita ce ƙifta ido akai-akai da ƙanƙance shi. Ƙiftawar tana ba ƙwayoyin dare ɗan hutu, sai mutum ya kama hoton abin da ke gabansa a ɗan lokacin da ya buɗe, ya riƙe shi a ka har ƙiftawa ta gaba. Yana aiki, amma yana gajiyar da fuska da kai, kuma wanda bai sani ba sai ya ɗauka rashin kunya ne ko rashin natsuwa. Manya kuma sukan juya jadawalinsu: aikin waje da asuba da bayan la'asar, tsakar rana a inuwa. Da magariba lamarin yakan juye, domin hasken ya sauko daidai inda ƙwayoyin dare ke aiki sosai. An san su da ƙwarewa a kamun kifi na dare, musamman kifi mai tashi da ake jawowa da hasken wuta daga kwalekwale. A nan ma ana ƙara gishiri: ƙwayoyin darensu ba su fi na kowa yawa ba, sabo ne da dogaro da su tun yarinta.

Launi yana da ranarsa a wuraren da ba a zata ba. Matuƙin kwalekwale a irin waɗannan tsibirai da launin ruwa yake karanta zurfi: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore yashi ne a kusa, ruwan ƙasa dutsen murjani ne da zai fasa jirgi. Mai maskun sai dai ya haddace hanya, ya lura da yadda igiyar ruwa ke karyewa. Nunar ayaba ko gwanda ana gane ta da taɓawa da ƙanshi, wannan ba matsala ba ce. Inda haɗarin yake shi ne jini a fitsari ko bayan gida, rawayar idon jariri mai shawara, jan kumburi a gefen rauni, naman da bai dahu ba, da ƙwayoyin magani biyu masu girma ɗaya da launi kawai ya raba su. Maganin wannan na ƙarshen rubutu ne da manyan baƙaƙe a jikin kwalba, ko alamar da hannu zai ji, kamar ɗaura roba a wuyan ɗaya.

Makaranta ce wurin da asarar ta fi yawa, kuma a nan gyara ya fi araha. Yaro mai ganin 6/60 ba ya karanta allo daga layi na uku. Idan ba a gane ba sai a sa shi cikin marasa ƙoƙari, ya daina zuwa, daga baya a ce masu maskun ba sa karatu. Abin da ake buƙata sananne ne. A zaunar da shi gaba, taga tana bayansa ba a gabansa ba. Baƙin allo da farin alli ya fi masa farin allo mai sheƙi. Kada a yi rubutu da jan alli a baƙin allo, domin ja baƙi ne a wurinsa, rubutun ɓacewa yake yi. Jan biro a farar takarda kuwa yana karantuwa, sai dai ba zai bambanta shi da baƙin biro ba, don haka gyaran malami sai a ja masa layi ko a kewaye shi. Rubutun littafi a ƙara girmansa zuwa lamba 18 ko 24, a bar shi ya kawo takarda kusa da fuska, hakan ba ya ɓata ido. Taswira da zanen lissafi a bambanta su da ɗigo-ɗigo da layi-layi maimakon launi. Ƙaramin madubin hangen nesa na ido ɗaya, mai ninka abu sau 4 zuwa 6, yana kawo masa allo gabansa. Wayar hannu ma ta zama kayan aiki: a ɗauki hoton allo a buɗa shi, a mayar da fuskar wayar baƙa da farin rubutu, akwai kuma manhajojin da ke faɗin launin abin da aka nuna musu.

Maganar tabarau

Ba kowane baƙin tabarau ke aiki ba. Na kasuwa yawanci yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin 100 na haske ya wuce, ko fiye, kuma a buɗe yake ta gefe da sama. Mai maskun a tsakar rana yana buƙatar wanda ke barin kashi 3 zuwa 8 ko ƙasa da haka, mai rufaffen gefe da ke manne da fuska, tare da hula mai baki. Hasken da ke shigowa ta gefe shi kaɗai ya isa ya ɓata amfanin gilashi mai kyau.

Likitocin ido sukan ba da gilashi ja ko ja-ja mai ruwan ƙasa, kuma dalilin yana komawa ga abin da aka faɗa a sama. Jan gilashi yana tare shuɗi da kore, waɗanda su ne ke cika ƙwayoyin dare, ya bar ja wanda ba ya damunsu. Amma guda ɗaya ba ya isa. Wanda ya dace da bakin teku ya yi duhu da yawa a cikin ɗaki ko ƙarƙashin itatuwa, har mutum ya yi tuntuɓe, don haka ana buƙatar aƙalla biyu, na waje da na ciki. Ga wanda ke da rashin hangen nesa kuma dole a haɗa gyaran a cikin gilashin. Yashi da gishiri suna karce shi, maƙallansa suna tsatsa, yaro yana girma ya fi ƙarfinsa. Akwai gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido mai jan tsakiya, wanda samari suka fi so saboda ba ya jawo kallo, sai dai yana buƙatar ruwan wanki na musamman da tsabta sosai. A wurin da ake dogaro da ruwan sama na tanki, haɗarin gyambon ido ya fi amfaninsa. Tabaran nan da ake tallatawa a intanet cewa suna sa makahon launi ya ga launi kuwa na masu matsalar ja da kore ne. Ga wanda ƙwayoyin ranarsa ba sa aiki ba abin da za su yi.

Matsalar ita ce kai kayan da maye gurbinsu. A tsibirin ƙaramin ɗakin shan magani ne, asibiti yana Pohnpei. Ana zuwa ne da ƙaramin jirgin sama da ke sauka a gajeren fili, ko jirgin ruwa da ba kullum yake zuwa ba. Baƙi da masu bincike sun sha kai tabarau kyauta, amma kyautar zuwa ɗaya ba ta zama tsari ba. Gilashin da ya fashe bana yana iya jiran baƙo na gaba.

Ina aka kwana kan magani?

Tun da ƙwayoyin rana suna nan a idon da yawa daga masu larurar, sai dai ba sa aiki, masana sun yi tunanin kai musu lafiyayyen kwafi. Ana ɗora kwafin a kan wata ƙwayar cuta da aka raunana, a yi tiyata a zuba ta a ƙarƙashin ratina. A dabbobi abin ya ba da mamaki. A 2010 an dawo da ganin rana ga karnuka masu lalatacciyar CNGB3, an kuma yi nasara a kan tumaki masu matsalar CNGA3 a Isra'ila.

A mutane sakamakon bai kai haka ba. Gwajin da aka yi a Tübingen ta Jamus kan manya 9, wanda aka buga a 2020, ya nuna aikin ba shi da haɗari mai yawa, amma ƙarin ganin kaɗan ne. Wani binciken a Landan da aka buga a 2022 ya ga alamar saƙon ƙwayoyin rana ya fara isa ƙwaƙwalwar yara 2 cikin 4 da aka duba. A Isra'ila wasu da aka yi wa aikin sun fara jin ja ya bambanta da sauran abubuwa, ba tare da sun ga launuka yadda kowa ke gani ba. Dalilin da aka fi kawowa shi ne ƙwaƙwalwa: sashen da ya kamata ya karɓi saƙon tsakiyar ido, idan bai samu ba tun yarinta, yakan koma wani aikin. Shi ya sa ake ganin yara ƙanana ne za su fi amfana. Har yanzu babu maganin da hukumomi suka amince a sayar. Wanda aka amince da shi a Amurka a 2017 don wata cutar ratina daban, Luxturna, an sa masa dala 850,000 na ido biyu, abin da ke nuna inda farashi zai dosa.

Masu goyon bayan binciken suna cewa ko rage ƙin haske kaɗai aka samu ya canza rayuwa, kuma duk magani da tsada yake farawa. Masu ja da baya suna tambayar abin da mutanen tsibirin suka samu bayan an shafe shekaru ana ɗibar jininsu da salsalarsu, alhali abin da zai taimaki yaro a aji yau bai kai kuɗin tikitin jirgin mai bincike ba. Akwai kuma masu larurar, a Pingelap da wajenta, da ba sa ɗaukar launi a matsayin abin da suka rasa, tunda ba su taɓa saninsa ba. Buƙatarsu su iya fita da rana su kuma karanta rubutu.

Gwajin kafin aure ma haka yake da fuska biyu. Tunda canji ɗaya ne a duk tsibirin, gwajin yana da sauƙi a kimiyyance. Amma inda 3 cikin 10 ke ɗauke da ƙwayar, kusan aure 1 cikin 10 tsakanin masu lafiyar ido zai faɗa jerin masu haɗari, a cikin al'ummar da zaɓin miji ko mata bai da yawa tun farko. Kwatanta shi da gwajin sikila yana da iyaka a nan: sikila tana kashe yara, tana kwantar da su asibiti, maskun kuwa ba ta yin ko ɗaya. Shi ya sa masu ba da shawarar gado suka fi karkata ga a sanar da ma'aurata su yanke da kansu, a kuma yi amfani da sanin wajen shirya wa jariri tabarau da makaranta da wuri.

Ƙaura na sauya lissafin

Yawancin 'yan Pingelap ba a Pingelap suke ba yanzu. Tun zamanin mulkin Jamus, bayan wata guguwa a 1905 da tawayen da mutanen Sokehs suka yi wa Jamusawa daga 1910 zuwa 1911, aka zaunar da wasu a yankin Sokehs na Pohnpei, daga baya aka kafa ƙauyen Mand a tsaunukan tsibirin, inda ake samun masu maskun da yawa. Yarjejeniyar da Maikironesiya ta ƙulla da Amurka a 1986 ta ba 'yan ƙasar damar zama da aiki a can ba tare da biza ba, sai wasu suka wuce Guam da Hawai da cikin Amurka. Hauhawar teku da shigar gishiri fadamun gwaza na ƙara tura mutane.

Ga mai larurar, ƙaura tana da riba da hasara. Mand na da inuwar daji da gajimare, birni na da likitan ido da makarantu masu kayan taimako. Amma birni na tafiya ne da mota da fitilun hanya da allunan rubutu, kuma mai ganin 6/60 ba ya samun lasisin tuƙi a mafi yawan wurare. A tsibiri kowa ya san maskun, ba mai tambayar yaro me ya sa yake ƙifta ido. A Guam ko Honolulu yana iya zama shi kaɗai a makarantarsu, gaban malamin da bai taɓa jin sunan larurar ba.

Ta fuskar gado kuma, duk ɗan Pingelap da ya auri bare kusan ya rufe ƙofar larurar ga 'ya'yansa, domin da wuya baren ya zo da lalatacciyar CNGB3. Ƙwayar ba ta ɓace ba, rabin 'ya'yan mai ɗauke da ita za su ɗauka, amma ta shiga babban taro inda haɗuwar biyu ke da wuya. Inda 'yan tsibirin suka taru wuri ɗaya suna auren juna, kamar Mand, kason zai daɗe bai sauka ba.